Guzan Kududdufinmu da Maƙesun Baba

Har yau idan na hangi guza, ko daga cikin mota ne yana tsallaka titi, sai na ji bakina ya yi ɗaci. An sha gaya mini cewa dabba ce, ba ta san abin da take yi ba. Wataƙila sauran ba su sani ba. Wanda na yi zaman damina guda da shi a bayan gidanmu ya san abin da yake yi sarai, kuma ban yafe masa ba.

A shekarar da mijina ya rasu, ina gama takaba na tattara na koma gaban mahaifina a Wurno. Asalinmu wani ƙauye ne kusa da Tursa, a ƙasar Rabah, mun baro shi ne lokacin da kwana a can ya gagara saboda 'yan bindiga. Gidan da muka samu a ƙarshen gari yake, bayansa akwai kududdufi inda aka haƙi ƙasar gini. Da rani rami ne kawai, awaki ke shan inuwa a ciki. Damina na sauka sai ya cika, ciyawa ta kewaye shi har ta wuce ƙugu, kwaɗi su yi ta kwakwazo.

Baba manomin albasa ne tun kafin a haife ni, amma a lokacin yanar ido ta rufe masa duka biyun. Yana bambance rana da inuwa, yana ganin mutum kamar tulu a tsaye, iyakarta ke nan. Malamin asibitin garinmu ya duba shi ya ce irin wadda ake cirewa ce, muddin idon bai mutu a ƙarƙashinta ba. Ya rubuta sunansa cikin waɗanda za a kai Sakkwato a yi musu aiki bayan damina. Baba ya yarda, amma da sharaɗi, don shi bai taɓa yarda da abu hannu sake ba. Ya ce ba za a kwantar da shi a sa masa wuƙa a kan mataccen ido ba, kuma shi zai auna da kansa ko idon na da rai.

Ma'auninsa maƙesu ne, ɗan ƙwaron nan da ke kunna wuta a gindinsa yana kashewa. Kullum bayan sallar magariba nakan shimfiɗa masa tabarma a ƙofar baya, ya fuskanci kududdufi, ya zauna har a kira isha. Sai ka ga ya ɗaga yatsa yana bin wani abu a iska.

"Ga guda can. Ga wani ya tashi daga hagun."

Idan na duba, galibi haka ne. Na taɓa ce masa me zai hana a riƙa haska masa tocila a huta, sai ya yi tsaki.

"Rana ko makaho na jin ta ga goshinai," in ji shi. "Tocila ko kuna cusa man ita ga ido kamar kun kama ɓarawo. Wanga ɗan ƙwaro shi na awo. Ran da nib bar ganinai, ido ya mutu, kar kowa shi wahal da kainai."

Na taɓa tsintar maƙesu da rana a jikin zanena, ban ma gane shi ba sai da wata maƙwabciya ta gaya mini. Abu ne ɗan siriri mai launin ƙasa, bai kai ƙwayar wake ba, jikinsa laushi, in ka matsa shi da yatsa ya tafi ke nan. Ba ya cizo, ba ya ƙara, ban taɓa jin wanda ya ce ya ci masa wani abu ba. A kududdufi ɗaya suke da guza, ciyawa ɗaya suke shiga. Shi kuwa guzan, daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya ya kusa kai tsawon tabarmar salla da rabi. Fatarsa kamar tsohon buhu da aka yayyafa wa rawaya, wuyansa ya kai kaurin cinyata, faratansa baƙaƙe, harshensa mai baki biyu yana fita yana komawa ba hutu. Ɗaya duk abin da ya mallaka a duniya ɗigon haske ne, yana kuma nuna shi ga kowa kyauta. Ɗayan tun da Allah ya yi shi bai san komai ba sai haɗiya. A lokacin ban taɓa tsayawa na gwada su da juna ba. Guza kaɗai nake gani, don shi ne babba.

Abin da ya haɗa ni da shi zabi ne. Ina da 'yan zabina, da su na yi niyyar haɗa guzurin tafiyar Baba, kuɗin mota da na abinci da abin da ba a rasa ba. Wanda bai yi kiwon zabi ba bai san wahalarsu ba. Zabuwa ba ta yin ƙwai a gida, sai ta sulale cikin ciyawa ta yi gurbinta a ɓoye. Da hantsi za ki bi ta daga nesa, kina yi kamar itace kike nema, don in ta lura da ke sai ta yi ta yawo da ke har azahar. In kin gano gurbin, ba a sa hannu. Da ludayi mai dogon hannu ake kwasa, a bar mata uku, don in ta ji warin mutum ko ta tarar da wurin wayam ta canja gurbi ke nan. Haka mahaifiyata ta koya mini, haka na yi kwana da kwanaki, ƙaya na yagar mini ƙafa. Da na tara, sai na zuba wa wata jar kazata ta kwanta musu a akurki, saboda zabuwa ba uwar kirki ba ce.

Ranar da abin ya faru saura kwana biyu su ƙyanƙyashe. Har na fara kara su a kunne ina jin motsi. Ina tsakar gida ina tankaɗe da azahar sai na ji kazar ta ƙwala wani irin kuka. Na ruga da muciya a hannu. Ashe guzan ne, ta kafar da ruwan wanka ke fita ya shigo. Rabin jikinsa na cikin akurki, wutsiya a waje tana share ƙasa a hankali. Da ya ji ni sai ya ja da baya, ƙwai a bakinsa. Ya ɗaga kai sama, ya haɗiye shi a gabana, na ga ƙwan yana gangarawa a maƙogwaronsa. Sannan ya juyo da ido ɗaya ya dube ni, ya zaro harshe. Na kai masa muciya, ya zabga mini wutsiya a ƙwauri, tabon na nan har gobe. Ko gudun kirki bai yi ba. Ya bi ta kafar yana rangaji kamar wanda ya fito daga gidan biki.

Ƙwai ɗaya ya bari, shi ma a fashe. Na ɓare ɓawon na tarar da ɗan tsako ya gama haɗuwa, har da zanen nan na kansa, yana buɗe baki yana rufewa. A tafin hannuna ya mutu. Ban yi kuka ba. Na tsaya a wurin na rantse sai na ga gawar guzan nan da idona.

Da na gaya wa Baba, ya jajanta mini, sannan ya ce, "Ki bar shi, ɗiyata. Shina cin ɓera, shina cin ƙwan maciji. Abincinai yan nema, ba ke yan nuhwa ba."

Ƙanena, wanda ke gyaran injin ban ruwa a Goronyo, shi ma ya kira ni a waya da yamma. "Yaya, ki bar zancen zabin ga. Tahiyar Baba ni ka ɗaukar nauyinta, dama ban ce ki wahala ba."

To ka ji. Tun daga wannan yammacin babu abin da guza ya rage wa Baba. Tafiya na nan, guzuri ya samu. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya yi mini uzurin da ban cancanta ba. Duk abin da na yi bayan nan don kaina na yi, don kallon da ya yi mini da ƙwai a maƙogwaro.

Raminsa na gindin wani suri a bakin ruwa. Na cusa ƙaya, da safe na tarar ya ture ta. Na tafasa ruwa na ɗauka har can na kwarara, ashe ramin na da wata ƙofa ta cikin ruwa. Na sa nama a ƙugiya na ɗaure da waya, ya cinye naman ya bar mini ƙugiyar fes. Na aika wa wani maharbi, ya ce in jira rani, in ruwa ya janye zai kamo mini shi da rai. Rani kuma! Ni da ko tuwo na sa a baki sai na tuna da shi. Kowace rana da hantsi yakan hau kan surin ya baje yana shan rana, cikinsa ya bazu gefe da gefe, ni kuwa ina leƙensa ta kan katanga ina cizon leɓe.

Wata safiya ina neman igiya a ɗakin da Baba ke ajiye kayan gona sai na ci karo da injin feshinsa na goyo, da kwalaben maganin ƙwari da suka rage tun noman albasarsa na ƙarshe. Mu 'ya'yan manoman albasa mun tashi da imani da wannan magani fiye da kima. Mun ga yadda yake share gona a yini ɗaya. In mai sayarwa ya ce murfi ɗaya, a gidanmu uku ake zubawa, a ce don ya ji. A wurinmu babu mai rai da zai sha shi ya kwana. Na yi lissafina a tsaye: kwaɗi yake ci, da gyare, da katantanwa, da duk abin da ke cikin ciyawar nan. In na jiƙa ciyawar, duk abin da ya haɗiya guba ne.

Na jira Baba ya fita zaure wajen abokan hirarsa. Na ɗaure hanci da ɗankwali, na goya injin, na zagaye kududdufin nan kaf, ban bar ko tushe ɗaya ba. Washegari na sake, na ninka maganin, abin da ya rage a kwalba na tuttule shi a bakin ramin. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ina tafe ina feshi ina yi masa magana a zuci, ina cewa ci, ci ka ƙoshi. Da na ga kwaɗi sun fara juya farin cikinsu sama a gefen ruwa, har murmushi na yi.

Da magaribar rana ta biyu na shimfiɗa wa Baba tabarma kamar kullum, na zauna a bayansa daga cikin ƙofa ina ɓarzar wake a faifai. Hankalina duk yana kan gobe. Ina ta saƙa yadda zan tarar da shi ya kumbura, in ja shi da igiya har ƙofar gida kowa ya gani. Ban lura Baba ya daɗe bai ɗaga yatsa ba.

"Ɗiyata," ya ce, "suna nan kuwa?"

Ko kai ban ɗaga ba. "Suna nan mana, Baba, kamar kullum."

Can ya ce, "To." Ya lallaba ya naɗe tabarmarsa da kansa, ya shige ɗaki tun ba a kira isha ba. Na ɗauka sauro ne ya dame shi.

Da safe ya sa aka kira masa malamin asibiti, ya ce a cire sunansa a ba wani. Ina bayan ƙyaure na ji. Malamin ya yi ta lallashi, ya fito da 'yar tocilarsa, Baba ya kau da kai. Sai a lokacin tambayar jiya ta dawo mini. Yinin nan ban san yadda na yi shi ba. Ana sallame magariba na fita ƙofar baya ni kaɗai, na tsaya na zuba wa ciyawar ido har aka kira isha. Babu ko ɗaya. Wurin da ke ƙyalƙyali kamar an watsa garwashi ya zama baƙi ƙirin, sai warin magani.

Kashegari da hantsi na leƙa ta katanga. Guzan na kan surinsa, ya baje, ya fi da ƙiba. Matattun kwaɗin ma ya bi ya tsince su. Maganin da ya share dubban maƙesu a kwana biyu, shi ko atishawa bai sa shi ba. Da ina da bindiga a ranar da na harbe shi, na harbi surin, na harbi ruwan ma.

Kwana biyu ina juya maganar a baki, kunya da tsoro sun hana ni. A na uku na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai, tun daga injin feshi har amsar da na ba shi ban duba ba. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi.

"Mi kic ce kin yi?" ya ce, kamar mai zolayar yaro, sannan ya gyara zama. "Ke, ɗiyata. Ran nan nit tambaye ki, kic ce suna nan. Sannan ba ki san abin da ni ka nuhi ba, shi ya sa kih hwaɗi gaskiya. Yanzu kin ga na hwasa tahiya, kin zaka da wanga labari."

"Wallahi Baba ni nik kashe su. Ga kwalbar, shinshina."

Ya shinshina ya miƙo mini. "Wane gida na babu warin ga cikin Wurno?"

"Ba ka ji kwaɗi sun yi shiru ba?"

"Kwaɗi na shiru in damina ta ja baya, kowace shekara. Maƙesu ko sai an yanke dawa."

Na kama hannunsa na kai shi bakin kududdufi. To me zai taɓa? Ciyawa na nan tsaye, kore shar, maganin ƙwari ba ya ƙona ganye. Na kira maƙwabta suka rantse masa babu maƙesu ko ɗaya. Ya yi musu godiya, ya ce Allah ya bar zumunci, ya san duk don shi suke yi.

Ƙanena ya ce zai kawo masa su har gida. A bakin magudanar ruwa can Goronyo suna nan da yawa. Ya kama su da magariba ya zuba a gorar roba da ɗanyar ciyawa, ya huda murfin. Amma a shekarun nan ba mai hawa hanyar nan bayan faɗuwar rana, dole ya kwana. Ya taso da hantsi, gorar na ɗaure a bayan babur cikin rana, kafin ya iso duk sun mutu. Ya sake gwadawa, ya naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma. Biyu suka iso da rai. Muka zauna da magariba mu uku, na riƙe gorar dab da fuskar Baba. Suka yi ta rarrafe a jikin roba, suka ƙi kunnawa. Na girgiza su, na roƙe su a zuci kamar masu ji. Baba ya sa hannu ya sauke gorar a hankali.

"Ya isa hakanan. Kun mai da ni abin wasa."

Muka ce to mu kai shi can ya gani da kansa, ya kwana gidan ƙanena. Ya ce shi da ya baro gidansa na gado da dare a kan jaki, ba zai sake kwana a wani gari don ƙwaro ba.

Ranar tafiya motar ta tsaya a bakin asibiti tun da sassafe. Tsofaffi suka yi ta wucewa ta ƙofar gidanmu, kowa da mai ja masa sanda. Na sa masa ruwan wanka, na fito da babbar rigarsa na ajiye a gefen gado ko Allah zai sa. Na sake durƙusawa, wannan karon da kuka, na ce ya tsine mini in ya so amma ya shiga motar nan. Ya lalubo kaina ya dafa.

"Allah shi yi maki albarka. Amma ki bar ɗora ma kanki laihin da ba ki yi ba. Ba kyau."

Muna nan zaune muka ji tashin motar. Bayan mako guda waɗanda suka tafi suka dawo, har da abokin hirarsa na zaure wanda ya fi shi daɗewa da yanar. Ya shigo gaishe shi ba mai ja, yana ta mamakin yadda Baba ya yi furfura.

Baba bai kai wata daminar ba. Cikin zafin bazara ya kwanta, kwana shida ya cika. Bayan an yi bakwai ƙanena ya gaya mini wasiyyar da ya bar masa a kaina. Ya ce a riƙe ni da kyau, don duk cikin 'ya'yansa ni ce na so shi har na yi wa kaina ƙazafi saboda ya samu lafiya. Da wannan ya tafi. Da ya tafi yana fushi da ni, da na fi samun sauƙi.

Na san hannun da ya riƙe injin feshin nan. Da shi nake cin tuwo kullum, ba sai an tuna mini ba. Malamai sun gaya mini dabba ba ta da alhaki, na ce na ji. Amma maharbin da ya zo da rani ya haƙa surin har ƙasa bai same shi ba, damina na sauka kuma sai ga shi ya dawo, ya haƙa sabon rami kusa da tsohon. Na sayar da zabin duka, na toshe kafar ruwan da siminti, ba abin da ya rage a gidan da zai ci. Duk da haka da hantsi yakan zo gindin katanga ya tsaya yana zaro harshe.

Ba na sa magani kuma, ko na sauro ba na fesawa a bayan gidan nan. Taɓarya na jingine a ƙofar baya, ta icen ƙirya, mai nauyi. Na auna, daga ƙofar zuwa inda yake tsayawa taku tara ne, shi kuma yana buƙatar kamar shida kafin ya kai ruwa. Sau biyu ina kuskurensa. Yana tsufa, gudunsa na raguwa, ni kuma ba inda za ni.